Likita Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Darasi Daga Tokombere Da Pette

 A yau za mu ɗan jingine maganar canjin naira da sefa da ta kuɗin kwastan, mu taɓo wata magana da ta shafi kowa da kowa, domin Bahaushe ya ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Maganar kuwa ita ce, idan asibiti ya yi suna, ana shiga da mutane ranga-ranga suna fitowa da ƙafafunsu, wa ya cancanci yabo?

Amsar a shirye take a bakin jama'a. Da zarar an ce wane ya samu sauƙi, abin da za ka ji shi ne, ai Dakta wane ne ya yi masa aiki, hannunsa na da albarka. A gidajen rediyo ma haka abin yake, domin saƙonnin godiyar da masu sauraro ke aiko mana bayan an sallamo su daga asibiti, kusan dukkansu sunan mutum ɗaya suke ɗauke da shi, wato babban likita. Da wuya ka ji an ambaci malamar jinyar da ta kwana a tsaye tana duba ƙarin ruwa, ko mai gwajin jinin da ya gano ainihin cutar, ko ungozoma, ko direban da ya keta dare ya kawo mai naƙuda, balle mai sharar da ya tsabtace ɗakin tiyata. Yabon gwani ya zama dole, wannan ba mu musa ba. To amma idan yabo ya tattaru a kan mutum guda, illar a kan marasa lafiya take ƙarewa, kuma abin da muke son nunawa ke nan.

Ba sai mun yi nisa wajen neman misali ba, ga shi nan a arewacin Kamaru. Dattawan yankin Mora da Marwa da Kusiri ba su manta da Dakta Giuseppe Maggi ba, wani likita ɗan ƙasar Suwizalan da aka haifa a 1910. Bayan ya yi aiki a kudancin ƙasar nan, sai ya hauro arewa ya kafa asibiti a Tokombere, a gindin duwatsun Mandara. Daga nan ya kafa na Pette, ya kafa na Zina a cikin fadamun kogin Logon, sa'an nan na Mada, kusa da Makari ta wajen tafkin Cadi, inda ya ƙare rayuwarsa a 1988. Abin lura a tarihin wannan mutum shi ne, duk asibitin da ya gina, da zarar ya ga ya kafu sai ya danƙa shi a hannun wasu, shi kuma ya naɗe tabarmarsa ya nufi inda babu likita ko ɗaya. Da neman suna ya kawo shi, ai da ya zauna a wuri guda ya ci gajiyar sunan da ya riga ya yi.

A Tokombere ma ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Akwai wani malamin addinin Kirista ɗan kudancin Kamaru mai suna Simon Mpeke, wanda ya zo arewa a 1959, jama'a suka laƙaba masa Baba Simon. An san shi da yawo cikin ƙauyukan kan dutse ba takalmi, yana zama da mutane yana sauraronsu, kuma amincewar da suka yi da shi ta taimaka wajen sa su sauko su nemi magani. A 1975, shekarar da Baba Simon ya rasu, wani likita Bafaranshe mai suna Christian Aurenche ya zo Tokombere, aka shimfiɗa tsarin da ya ɗauki kowane ƙauye tamkar wani ɗaki ne daga cikin ɗakunan asibitin. Aka kafa kwamitocin lafiya a ƙauyuka, aka koya wa mutanen gari yadda za su kula da ruwan sha, da abincin yara, da awon ciki, da kai yara rigakafi. Wato manomi da matar aure suka zama abokan aikin likita. Da ƙasashen duniya suka taru a birnin Alma-Ata a 1978 suka amince cewa kiwon lafiya matakin farko sai da sa hannun jama'a, matsayar tasu ta zo daidai da hanyar da Tokombere ta riga ta kama.

A Pette kuwa, wata likita mace 'yar Suwizalan, Dakta Anne-Marie Schönenberger, ita ta karɓi ragama a 1968, ta kuma shafe fiye da shekara 40 a wurin tana aiki tare da malaman asibiti 'yan ƙasa. Haka nan a Kolofata, dab da iyakar Najeriya, Dakta Ellen Einterz 'yar Amurka ta yi shekara 24 tun daga 1990, kuma duk ɗan kasuwar da ya san hanyar Banki da Amcide da Kerawa ya san yadda mutane suka riƙa tsallako iyaka domin neman magani a can.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jarrabawar waɗannan asibitoci ta zo ne lokacin da rikicin Boko Haram ya tsallako Kamaru. A watan Fabrairun 2013 aka sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya a yankin Waza. A Nuwamban wannan shekara aka sace wani fada Bafaranshe a Ngecewe. A Afrilun 2014 aka ɗauke fada biyu 'yan Italiya da wata sista 'yar Kanada a Cere, kusa da Marwa, sa'an nan a watan Yuli aka kai wa garin Kolofata mummunan hari. Bayan waɗannan abubuwa, mafi yawan Turawan da ke aiki a Arewa Mai Nisa suka tattara nasu ya nasu suka tafi. Da a ce ilimi da makullai da asirin aiki duk suna aljihun Bature ɗaya ne, da tuni asibitocin Tokombere da Pette sun zama kango, gidan jemagu. Amma ba su rufe ba, saboda an daɗe da horar da 'yan ƙasa, an kuma saba ba su girmansu da amanar aiki. Su suka ci gaba da karɓar haihuwa da yin tiyata a lokacin da kowa ke ta kansa.

Mun sani mafi yawan masu karanta wannan shafi Musulmi ne, waɗanda muka ambata kuwa ba addininmu ɗaya da su ba. Amma hali nagari ko a wurin wa aka gan shi abin koyi ne, balle ma addininmu ya riga kowa yin wannan horo. Malamai kullum suna jan kunnenmu a kan riya da jiji da kai, suna kwaɗaitar da mu tawali'u. A cikin Suratush Shu'ara, Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya jingina warkarwa ga Ubangijinsa ne. Saboda haka likitan da ya san Allah ya san cewa shi sababi ne kawai, kuma ba shi kaɗai ne sababin ba. Malamai sun kuma karantar da mu cewa gode wa mutane na daga cikin gode wa Allah. Ashe ke nan wanda ya ce alhamdu lillahi a baki, amma ya danne haƙƙin waɗanda suka taya shi aiki, godiyarsa da sauran gyara.

Wani zai iya cewa ai wannan duk wa'azi ne, mu dai a ba mu ƙwararre ko da mai girman kai ne, tunda ba aurensa muka zo yi ba. To ga abin da binciken likitocin da kansu ya nuna. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wata 'yar takarda mai ɗauke da abubuwa 19 da za a riƙa dubawa a ɗakin tiyata. Daga ciki akwai cewa kafin a sa wuƙa, kowa da ke ɗakin zai faɗi sunansa da aikinsa, tun daga babban likita har zuwa ƙaramar ma'aikaciyar jinya. Za a tabbatar da sunan majinyaci, da irin aikin da za a yi masa, da kuma gefen jikin da za a yanka. Kafin a fita kuma za a ƙirga allurai da almakasai da audugar da aka yi amfani da su, don kada a manta wani abu a cikin mutum. An gwada wannan tsari a asibitoci takwas na ƙasashe daban-daban, ciki har da na garin Ifakara a Tanzaniya, da na Amman a Jodan, da na Delhi a Indiya, da na Landan. Sakamakon da aka buga a watan Janairun 2009 ya nuna cewa masu mutuwa bayan tiyata sun ragu daga 15 zuwa 8 a cikin kowane 1,000, masu samun matsala kuma sun ragu daga 11 zuwa 7 a cikin 100.

Ku lura fa, ba sabuwar na'ura aka sayo ba, ba kuma sabon magani aka ƙirƙiro ba. Hikimar faɗin suna ita ce, wanda aka ba shi dama ya buɗe baki tun farko, zai fi samun ƙarfin halin cewa, ranka ya daɗe, a dakata, akwai kuskure. Amma a ɗakin da likita ya zama dodo, malamar jinya za ta ga ana shirin yin ɓarna ta ja bakinta ta yi shiru, don gudun tsawa ko kora. Wa zai kwana a ciki? Majinyacin da ke kwance bai san inda kansa yake ba. Bilhasali, tawali'un likita kariya ce ga ranka da na iyalinka.

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa fahimtar wannan magana. Motar kaya ba ta tasowa daga Mubi ta iso Garwa da ƙoƙarin maigida shi kaɗai. Akwai direba da yaron mota, akwai 'yan dako, akwai dillali, akwai mai masauki, akwai ɗan canji, akwai yaron shagon da ke riƙe da littafin bashi. Kowa a cikinku ya san wani attajiri da ya yi tashe, amma bai yarda da kowa ba, bai koya wa kowa ba, bai sallami yaro ko ɗaya da jari ba, kuma da ya kwanta dama ko sadakar arba'in ba a yi ba shagon ya watse. Kun kuma san wanda ya yaye yara goma, ga shi yau shekaru bayan rasuwarsa ana cin abinci da sunansa a kasuwanni uku. Asibiti ma haka yake, sai dai shi abin da ke cikin ma'ajiyarsa rayukan mutane ne.

Sai dai akwai wani abu da ya wajaba mu faɗa, ko da zai yi wa wasu ɗaci. Akwai tawali'un gaskiya, akwai kuma na fatar baki. Za ka tarar da mai asibitin da idan aiki ya yi kyau sai ya bugi ƙirji ya ce ni na yi, idan kuma aka rasa rai sai ya ce ƙaddara ce, haka Allah ya so, ko kuma ya ɗora wa wata ƙaramar ma'aikaciya laifin. Wato riba tasa, asara ta Allah da ta yara. Wannan ba imani ba ne, wayo ne. Ko shakka babu ajali na hannun Allah, amma malaman fiƙihu tun tuni sun yi bayanin cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani ba tare da sani ba, ko ya yi sakaci, to lamunin ɓarnar na wuyansa. Mai tsoron Allah na gaskiya shi ne wanda ke raba yabo da mutanensa, idan kuma kuskure ya auku ya tsaya a gaba a matsayinsa na shugaba, ya gaya wa dangi gaskiya, ya zauna da ma'aikatansa su binciko inda aka kauce don kada a maimaita.

Haka kuma raba yabo ba ya tsayawa a kan daɗin baki. Idan mai asibiti ya tsaya a gaban taro ya ce nasarar nan ta mu duka ce, alhali ma'aikatansa sun yi wata uku ba albashi shi kuwa ya sauya mota, to an koma gidan jiya, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. Yabon da ke da amfani shi ne wanda ake gani a albashi kan lokaci, da hutu ga wanda ya kwana aiki, da tura matasa ƙaro ilimi, da safar hannu da sabulu da sauran kayan kariya. Ma'aikacin da aka bari da yunwa, shi ne gobe za a kama yana sayar da maganin asibiti ta bayan gida, ko yana neman na goro kafin ya duba mai naƙuda. Ba mu ba shi gaskiya ba, amma ruwa ba ya tsami banza.

Kada kuma a ɗauka muna ƙasƙantar da likitoci ne. Wanda ya shafe shekara bakwai yana karatun likita, ya ƙara wasu shekarun yana ƙwarewa, ya kuma yarda ya zauna a arewa cikin zafin watan Afrilu alhali takwarorinsa na Duwala da Yawunde ko ma Turai, ya cancanci girmamawa da addu'a. Jirgi ba ya tafiya ba matuƙi. Abin da muke cewa shi ne, girman likita ba ya raguwa don ya ambaci na ƙasa da shi, sai ma ƙaruwa. Yabon kai jahilci ne, in ji masu iya magana.

To, ta yaya ɗan kasuwa zai gane asibitin da ya dace ya kai iyalinsa, a wannan zamani da ƙananan asibitocin kuɗi ke ta ɓullowa a unguwanni? Na farko, ka lura ko likitan na iya cewa wannan ya fi ƙarfina, ku tafi babban asibiti, ya kuma rubuta muku takarda tun da sauran lokaci. Wanda ba ya taɓa tura kowa gaba, yana riƙe majinyaci har sai kuɗi sun ƙare ko rai ya kusa fita, ka guje shi. Na biyu, ka saurari yadda yake magana da ma'aikatansa a gabanka, domin yadda ya ɗauke su haka zai ɗauke ka ranar da aljihunka ya bushe. Na uku, ka duba ko ma'aikatan na daɗewa a wurin, ko kuwa kowane zuwa sababbin fuskoki za ka tarar. Na huɗu, ka tambaya abin da ke faruwa idan maigidan ya yi tafiya, ko ya tafi aikin Hajji, shin aiki na ci gaba ko kuwa sai a sa kwaɗo a ƙofa? Na biyar, ka yi hattara da mai kushe sauran likitoci yana cewa duk garin nan babu kamarsa, da wanda ba ya ba da rasit, da wanda ke ɗaukar maka alkawarin warkewa kamar shi ke riƙe da rai. Idan ganga ta cika zaƙi, ta kusa fashewa.

Jama'a ma akwai nasu gyaran. Sau da yawa mutum zai zo da mara lafiya ya ce shi sam ba ya yarda kowa ya taɓa shi sai babban likita, a yi ta jira har ciwo ya yi nisa, alhali malamin asibitin da ke wurin ya iya aikin. A daina raina su, domin a yawancin ƙauyukanmu su ne likitan, su ne ungozoman, su ne mai ba da magani. Idan Allah ya ba ka lafiya ka tashi yin godiya, ka haɗa da su. Idan kuma kana da hali kana son yin alheri, maimakon ka kai wa mutum ɗaya rago da turmin shadda, ka tambayi abin da asibitin ke buƙata wanda kowa zai amfana, ko man janareta ne, ko fitila mai aiki da hasken rana a ɗakin haihuwa, ko gyaran rijiya, ko katifu. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na iya shirya ranar ba da jini, domin jini ba a ƙera shi a masana'anta, kuma mata da yawa na rasa ransu wajen haihuwa saboda rashinsa. Haka nan attajiran da ke biya wa mutane kujerar Makka, ba laifi su ware wani abu su ɗauki nauyin karatun 'ya'yan talakawa a makarantun jinya da na ungozoma, musamman 'yan mata, tunda mu ne ke kukan cewa ba ma son maza su riƙa duba matanmu.

Daga ƙarshe, muna kira ga matasanmu da ke karatun likita a nan Garwa, garin da ya samu jami'arsa ta kansa a 2022 tare da tsangayar koyon aikin likita. Ku ne za ku riƙe asibitocin Benuwe da Mayo-Luti da Faro da Mayo-Rey nan gaba. Ranar da aka tura ɗayanku wani ƙauye, zai tarar da tsohon malamin asibitin da ya shekara 20 a wurin, wanda ya san yaren mutane, ya san lokacin sanƙarau da na kwalara, ya san gidan da ake ɓoye mara lafiya. Ka gaishe shi da ladabi, ka tambaye shi, ka koya daga gare shi, domin wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Ka kuma koyar da na bayanka duk abin da ka sani, ta yadda ranar da aka yi maka canjin wurin aiki, mutanen garin za su yi kewarka amma ba za su rasa magani ba.

Hukumomin lafiya da sarakunanmu da limamai su ma su taimaka, idan za a karrama ma'aikatan lafiya a riƙa tunawa da na ƙasa, waɗanda ba sa fitowa a talabijin. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, ya saka wa duk mai hidimar jinya da alheri, wanda muka sani da wanda ba mu sani ba, ya kuma raba mu da girman kai, amin.